Amsa: safar hannun mai kama ƙwallo a sofbol

Hajiya sannu da ƙoƙari, kin ce yarinyar shekararta 10 kuma a sofbol, wasan nan mai kama da besbol da ake bugun ƙwallo da sanda, koci ya sa ta tsugunno bayan mai bugu tana kama ƙwallo, kina tambaya wace safa za ki saya mata. To da farko kar ki yarda a sayar miki da ta besbol, ƙwallon besbol kewayensa inci 9 ne, na sofbol kuwa a Amurka inci 11 ne ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, daga baya ya koma 12, in aljihun safar ya yi ƙanƙanta ƙwallon fitowa zai riƙa yi. Ki nemi safa mai kewayen inci 31 da rabi zuwa 32 da rabi, su 33 da 34 ɗin nan na manyan 'yan mata ne, nauyi za su yi mata.

Abin da ya fi damuna shi ne taurin fata, iyaye sai su kwashi kuɗi su sayi mai tsada alhali yarinya ko matse ta ba ta iyawa, gara mai laushi wadda in ta sa hannu za ta rufe nan take, kuma mai maɗauri a wuyan hannu don kar ta riƙa zamewa. Kamfanonin Rawlings da Mizuno da Wilson duk suna yin na yara. Ki tafi da ita shagon ta gwada da ƙwallo a ciki. In da dama take jifa, hagu za ta sa safar, ki duba wannan kafin ki biya. A gida kuma, don ta saba da ƙwallon, a sa shi ciki a ɗaure ta kwana, ban da sa ta a oven wai don ta yi laushi dan Allah, fatar bushewa take yi.