Ina shan wiwi a shayi saboda laulayi, me zai yi wa cikina da nonona?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina wata 3 ne, na fari, laulayi ya sa ni gaba, ko ruwa na sha sai ya dawo. Wata ƙawata ta koya mini dafa ganyen wiwi kaɗan a shayi, ta ce ai ganye ne kawai, ba kamar ƙwaya ba. Sati 3 ke nan ina sha, aman ya lafa. Maigidana ma yana busawa a ɗaki da dare. Zai cutar da abin da ke cikina? In na haihu zan iya ba da nono? Kunya ta hana ni faɗa a wajen awo. Daga wata baiwar Allah a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da fama, Allah Ya raba lafiya. Ki ajiye shayin nan daga yau, kada ki ce sai laulayin ya wuce.

Maganar "ganye ne kawai" ta yaudari mata da yawa. A cikin wiwi akwai sinadarin da ake kira THC, shi ke sa maye. Ko busawa aka yi, ko dafawa, ko zubawa a shisha, yana shiga jini, daga jininki ya ratsa mabiyiya ya bi cibiya zuwa jikin yaron. A watannin nan ne ake gina ƙwaƙwalwarsa, kuma jiki yana da wasu sinadarai nasa na halitta masu nuna wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa inda za su haɗu da juna. THC kama yake da su, sai ya je ya zauna a gurbinsu ya rikita aikin. Shi ya sa binciken da aka yi a kan yaran da iyayensu suka sha wiwi da ciki yake nuna sun fi saurin samun matsalar natsuwa, da riƙe karatu, da ɗabi'a in sun tasa. Tun kafin nan ma, an fi samun jariri marar nauyi, da bakwaini, da wanda sai an kwantar da shi a ɗakin jarirai. Babu wani ɗan adadi da likitoci suka tabbatar ba ya cutarwa. Na dafawa kuwa ya fi wuyar ƙiyasi, domin ba ya kama mutum nan take, sai mace ta ga kamar bai yi ba ta ƙara kofi.

Kada wannan ya tsinka miki zuciya. Sati 3 ba ya nufin an gama da yaronki. Yawancin illar tana ƙaruwa ne da yawan sha da daɗewa a kai, kuma duk ranar da aka daina riba ce. In kin bari, za ki iya jin rashin barci, saurin fushi da rashin son abinci, ya fi tsanani a satin farko, sannan ya yi ta sauka.

Laulayin kuma yana da magani. Ki riƙa cin abu kaɗan-kaɗan kafin yunwa ta kama ki, busasshen biredi ko biskit tun kina kan gado da safe, ruwa kurɓi-kurɓi, shayin citta marar ƙarfi. Akwai bitamin B6 da magungunan amai da aka san ba sa cutar da ciki, likita zai rubuta miki. In kin yini ba abin da ya zauna, fitsari ya yi ja ya ragu, jiri yana ɗibarki, asibiti za ki nufa a ƙara miki ruwa. Abin da ƙawarki ba ta sani ba, wiwi da kansa yana jawo wani irin amai marar tsayawa ga wanda ya daɗe yana sha, har sai ya riƙa neman wanka da ruwan zafi don ya samu sauƙi.

Batun nono shi na fi so ki riƙe. THC mai son maiƙo ne, yana ɓuya a kitsen jiki ya riƙa fita a hankali, nono kuwa cike yake da maiƙo. An auna nonon mata an same shi bayan kwana 6 da sha na ƙarshe, a wasu har makonni. Don haka dabarar tatsewa a zubar, ko jira zuwa gobe, ba ta fisshe ki ba. Jaririn da ke samunsa a nono yakan yi ta barci fiye da ƙima, tsotsonsa ya yi rauni. Amma in kin daina yanzu, kafin ki haihu jikinki ya wanke. Ki ba ɗanki nono zalla har wata 6, wiwin za a bari ba nonon ba.

Kunyar awo na fahimce ta, sai dai ba ke kaɗai ba ce. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, kuma cikin duk mutum 4 masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Ki ja ungozoma ko likita gefe, ba a cikin layi ba, ki faɗi abin da kika sha da tsawon lokacin. Sirrinki amana ce a wuyanmu, kuma da wannan bayanin za mu ƙara sa ido kan girman yaron a hoto. In kin gwada bari abin ya gagara, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana duba masu son rabuwa da shaye-shaye.

Saura maigida. Hayaƙin da yake busawa a ɗaki a rufe ke ma kina shaƙa, kuma yana rage iskar da jini ke kai wa yaron. In jariri ya zo, hayaƙi a ɗakin kwanansa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a barci, kuma wanda ke cikin maye bai kamata ya kwana shimfiɗa ɗaya da jinjiri ba. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki nuna masa wannan amsar, in da hali ku zo awo na gaba tare.