Amsa ga ƙanena mai niyyar gina gida a Akara

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na duba lissafin da ka yi na bulo da siminti da rodi da kwanon rufi da ladan magina, inda kake tambaya ko abin da ka tara a Kano zai isa ka gina gida mai ɗaki uku da zarar ka ƙaura Akara, domin ka huta da biyan haya. Lissafin ba shi da laifi, sai dai duk abin da ke cikinsa na saman ƙasa ne, alhali kuɗin da ke tsayar da gini a nan galibi sukan tafi tun kafin a aza bulo na farko.

Kusan kashi 80 cikin 100 na filayen Gana suna hannun sarakunan gargajiya da zuri'o'i, kuma abin da muke kira sayen fili a gaskiya haya ce ta dogon zango. Tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba, yayin da ɗan ƙasa akan rubuta masa shekara 99. Jin Hausa a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ba zai mai da kai ɗan ƙasa a takarda ba, kuma ban ba ka shawarar ka sa sunan wani aboki a takardar filinka ba, domin ko shi ya riƙe amana, magadansa ba su yi alkawari da kai ba.

Bayan kuɗin filin akwai la'adar dillali, da kuɗin safiyo mai lasisi, da na lauya, da na bincike da rajista a Hukumar Filaye, da harajin hatimi, sannan da kuɗin ƙasa da ake biya kowace shekara. Binciken nan shi ne wanda mutanenmu suka fi ƙyashin biya, kuma shi ne ya fi kowanne amfani, saboda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar cuta ce a gefen birni, wajen Kasoa da Amasaman da Oyibi, inda mai ƙaramin ƙarfi yake iya samun wuri a yanzu. Yakan faru ka biya shugaban zuri'a, ka karɓi takarda, sai wani reshe na gidan ya yi nasara a kotu, a ce kowa ya zo ya daidaita da sabon mai fili, wato ka sake biya ko ka shiga shari'ar da za ta cinye kuɗin rufinka.

Ranar da leburori suka sa diga a ƙasa, samarin unguwa za su iya zuwa neman kuɗin haƙa, waɗansu ma su dawo lokacin rufi. Dokar filaye ta 2020 ta haramta aikin 'yan dabar fili, ta kuma tanadi ɗaurin shekaru a kansa, amma al'adar ba ta mutu ba. Wannan ne ya sa mutane suke fara kewaye filinsu da katanga, su kafa ɗan ɗaki su zaunar da mai gadi, kuma katangar fuloti guda tana cin bulo da rodin da ba ka sa a lissafinka ba. Sai izinin gini daga majalisar gunduma, wanda ke buƙatar zanen gida daga ƙwararru. Wanda ya tsallake shi zai wayi gari ya ga an rubuta masa da jan fenti a bango cewa ya dakatar da aiki ya kawo takarda.

Ƙasar kanta ma tana da nata kuɗin. Kudancin Gana damina biyu gare shi, babbar tana tsananta a watan Yuni, saboda haka kada ka biya kuɗin filin da ka gani da rani kawai. Filin da ya bushe ƙayau a Janairu zai iya zama fadama, sai ka ɗaga harsashin ginin, ka zuba tifa bayan tifa ta jar ƙasa, ka ƙara rodi da kankare. Idan hanyar ta lalace, direbobin tifa sukan ƙara farashi ko su sauke yashi da nisa, ka biya masu kwasowa. A sababbin unguwanni sau da yawa famfo bai kai ba, ruwan kwaɓa siminti ma daga tanka za ka saya har ka haƙa rijiyar burtsatse, wadda a wasu wurare takan fito da ruwan zartsi. Haka ma wuta: idan layin ECG, kamfanin wutar lantarki na Gana, ya yi nisa da kai, za ka iya sayen turaku da waya da kanka kafin a zo maganar mita.

Lokaci ma yana ƙara tsada. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 54 cikin 100, sidi, kuɗin ƙasar, ya faɗi ƙwarai a cikin shekarar, kuma waɗanda suka yi lissafi a farkon shekarar sun tarar kuɗin siminti da rodi ya tsere musu. Kai kuma naira ce a hannunka, canji biyu za ka riƙa kallo.

Duk tsawon aikin kana zaune a gidan haya ne, kuma masu gidaje a Akara sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa doka wata shida ta ƙayyade. Ra'ayina shi ne ka ware wannan tun daga gida, ka zauna cikin 'yan'uwa a Madina ko Ashaiman har kasuwancinka ya kafu, ka ga filin da idonka a tsakiyar damina, sannan ka sa lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya yi binciken. Idan ka tsai da ranar tasowa ka sanar da ni, zan tarye ka a tasha. Ka gaida Inna da yaran.