Tambayi Likita: Daga ina jiki ke samun ƙarfi idan ciki ba komai?

Tambaya: Likita, ni direban tanka ne a Apapa. Da azumi nakan cika ciki da teba lokacin sahur don ta riƙe ni har magariba. Daidai ne?

Amsa: Malam, tebar nan ba ta kai ka ko azahar. Duk abinci mai sitaci, teba ce ko shinkafa ko burodin Agege, idan ya narke sukari yake komawa ya shiga jini, kuma cikin awa 4 zuwa 6 hanji ya gama tsotse shi. Abin da jiki bai ƙona nan take ba sai ya adana: wajen giram 100 a hanta, wajen giram 400 a tsoka, ragowar ta koma kitse. Tsoka ba ta rabawa, nata na kanta ne. Hanta ce ke sakin sukari kaɗan-kaɗan cikin jini domin ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai take cin kusan giram 120 a rana. Idan yini ya yi nisa kuma, jiki ya ƙara karkata ga ƙona kitse. Azuminmu a Legas awa 13 ne zuwa 14, ajiyar mai lafiya ta ishe shi. Ka rage tebar, ka haɗa da wake ko ƙwai, ka sha ruwa sosai. In ka ji jiri a kan sitiyari, ka sami wuri ka tsaya.

Tambaya: Me ke kawo mini ciwon kai da la'asar idan ina azumi? Ina sayar da albasa a Mile 12.

Amsa: Galibi ƙarancin ruwa ne da zafin rana, sai rashin barci, sai kewar goro ko shayi ga wanda ya saba. Ka yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. In ciwon ya ƙi tafiya bayan ka sha ruwa, je a auna hawan jininka.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da ciwon sukari, allurar insulin yake yi kullum. Ya fara azumin Litinin da Alhamis, sai ya bar allurar a ranakun, ya ce tunda bai ci komai ba babu sukarin da za a sauke. Wani abokinsa ya kawo masa ruwan shuwaka da agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa, a gora, wai ɗaci ke kashe zaƙi. Tun jiya yake amai, ga ƙishirwa da yawan fitsari, numfashinsa kuma na wani irin wari. Daga wata baiwar Allah a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai: ki kai shi sashen gaggawa yanzu, ba gobe ba. Babban asibitin da ya fi kusa da ku, ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja. In ba mota ki kira 112. Ki karanta sauran bayani a hanya.

Tunanin maigidanki na mutane da yawa ne, kuma yana hallaka su. Mai azumi bai ci komai ba, gaskiya ne, amma hantarsa ba ta daina zuba sukari a jini ba. Idan ajiyarta ta yi ƙasa ma, sai ta ƙera sabo daga sinadaran tsoka. Insulin ne ke taka mata birki, shi ne kuma ke buɗe wa sukari hanyar shiga tsoka da kitse. Shi ya sa ko mai lafiya da ya yini bai ci ba, jikinsa bai daina fitar da insulin kaɗan ba. Wanda jikinsa ba ya yi, in ya bar allura, lamarin kamar motocin kaya ne su iso Mile 12 su tarar an kulle ƙofa: kaya jibge a titi, cikin kasuwa babu abin saye. Sukari ya cika jini, sassan jiki kuwa yunwa suke ji.

Daga nan jiki ke afka wa kitse babu ji babu gani. Hanta ta mayar da shi wani sinadari da ake kira kiton. Kaɗan daga cikinsa ba laifi, mai dogon azumi ma yana yin sa, har ƙwaƙwalwa ta yi amfani da shi. Amma idan babu insulin, sai ya taru har jini ya yi tsami. Aman da kika gani, ƙishirwar, fitsarin, da warin nan mai kama da 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, duk alamunsa ne. Abin da ke biyo baya shi ne numfashi mai zurfi da sauri, ruɗewa, sai suma. A asibiti da ƙarin ruwa da insulin ta jijiya ake ceto mutum, ba a yin wannan a gida.

Batun gorar nan kuwa, wallahi abin yana ƙona mini rai. Harshe ne ke jin ɗaci, jini bai san da shi ba. Shuwaka ganye ce mai kyau a miya, amma ba ta maye gurbin insulin. Agbon da ake haɗawa a bakin titi kuma babu wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, ga ƙodar mai ciwon sukari dama a wahale take. Don Allah ki zubar da ita.

In Allah ya ba shi lafiya, kada ya sake ɗaukar azumi sai ya zauna da likitansa. Ga Ramadan, a je makonni 6 zuwa 8 kafin a ga wata, a gyara lokacin magani da yawansa. Wasu za a ce su yi, wasu a hana su, kuma ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, balle wannan na nafila. Wanda aka yarje wa ya riƙa auna sukarinsa da rana, tsira yatsa ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 (a ma'aunin mg/dL), a karya azumin nan take. Haka in aka ji karkarwa da zufa mai sanyi, wannan sukari ne ya faɗi, yakan sami wanda ya sha cikakken magani sannan ya yini bai ci ba. Hajiya, ina maimaitawa, asibiti yau.

Tambaya: Na yi azumi wata guda amma ƙiba na ƙara. Ta yaya?

Amsa: Jiki lissafin yini duka yake yi. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Ki duba ƙosai, soyayyar doya da lemon kwalba da ake sha da magariba.

Tambaya: Ruwan zafi da lemon tsami da sassafe yana narkar da tumbi?

Amsa: A'a. Kitse na raguwa ne idan abin da ka ƙona ya fi abin da ka ci. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook kuwa, da yawansu gudawa kawai suke sa wa, ruwan jikinka ne ke fita. In kana ramewa ba tare da ka nema ba, je a auna sukarinka.