Kafin ka tura jarinka ƙasar maƙwabta

Malam, tambayarka ita ce ko ya dace ka kai jarinka ƙasar da ke maƙwabtaka da ku tunda tattalin arzikinta na bunƙasa, kuma ta ina za ka fara. Dama akwai ta, musamman a sarrafa amfanin gona, sufuri, kayan gini da wutar sola, domin jama'a na ƙaruwa, buƙata ma haka.

Abin da ya fi damuna shi ne canjin kuɗi, don nan ne mutane ke faɗawa ba su sani ba. Dubi Masar: a Maris na 2024 dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 cikin yini guda. Wanda ya ci ribar kashi ashirin cikin ɗari a kuɗin ƙasar, da ya juya shi zuwa dala sai ya tarar uwar kuɗin ma ta zaizaye. Saboda haka ka tambaya tun farko: babban bankinsu zai bar ka ka fitar da ribarka?

Sai doka. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013, alal misali, ta nemi baƙon da zai yi saye da sayarwa ya kawo dala miliyan 1.

Kuskuren da na fi gani shi ne yin rajistar kamfani da sunan ɗan ƙasar bisa amana kawai, babu takarda. Don Allah kada ka yi haka. Ka je da ƙafarka, ka fara da kaɗan. Batun haraji da yarjejeniya kuwa, ka nemi lauya da akanta na can.