Amsar Masta kan ɗaura fokilif a bayan ƙaramar tarakta

Yaro, ka tambaye ni ko ƙaramar tarakta irin Massey Ferguson 135 za ta ɗauki fokilif, wato yatsun ƙarfe na ɗaga kaya, a bayanta, da kuma buhu nawa za ta ɗaga. Za ta ɗauka. Tambayarka ta biyu ce ta sa na ajiye sifana, domin ta tuna mini da wata asara da har yau ban huce ba.

Ba zan ɓata bakina wajen koya maka ja da baya da saita hannuwa biyu na ƙasa da sandar sama ba. Wanda ya shekara uku a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, bai iya ɗaura garma ba, gara ya tafi kasuwar Kejetia ya yi talla. A kan waɗannan mahaɗai uku fokilif yake zama, tsarin da Harry Ferguson ya yi wa rajista tun 1926. A ƙananan taraktoci kaurin fin (ƙarfen da ake zurawa a mahaɗi) na sama milimita 19 ne, na ƙasa kuwa 22, kuma fin na gaske ake sakawa, ba guntun rodi ba.

Wani ɗan kasuwa mai sito a Ejura ya taɓa kawo mini tarakta domin in ƙera masa yatsun ɗaga kaya. Kwana tara na yi a kansu, kowace walda da hannuna, ban bar wa yaro ko ɗaya ba. Da na gama, na zaunar da shi na yi masa bayani cewa tayoyin baya su ne madogara: duk abin da aka ɗora a bayansu, daga gaba yake kwashe nauyi, kuma muddin abin da ya rage a kan tayoyin gaba bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tarakta ba, sitiyari ya zama ado. Na ce sai an rataya ƙarafan nauyi a goshinta. Ya yi dariya, ya ce mu mutanen Magazin ba mu rasa abin ƙara wa mutum kuɗi, ya ba ni rabin ladana, ya ce sauran sai an sayar da masara. Ni kuma don kunyar furfurarsa na bar shi ya tafi.

Ba a yi wata guda ba, direbansa, wani matashi irinku da ke tuƙi waya na kunne, ya jera buhun taki 20 a kan katako, kowanne kilo 50, wato tan guda cur. Bai ma tura yatsun har gindi ba, a bakinsu kayan suka tsaya, alhali ƙarfin fokilif ana auna shi ne idan tsakiyar kaya tana kamar rabin mita daga gindin yatsu. Ya ɗaga sama, ya fuskanci hawan ƙofar sito da goshi. Tarakta ta miƙe kamar ingarma ranar hawan salla. Fin ɗin da na sa ya ɓata tun tuni, sun cusa rodi a madadinsa, rodin ya lanƙwashe, kaya suka zube, gaban ya dawo ƙasa da ƙarfi, murfin haidurolik da ke ƙarƙashin kujera ya tsage. Allah ya kiyaye, yaron ya tsira da targaɗe.

Mutumin ya zo har gareji yana kumfar baki a gaban yarana, wai waldata ce ta saki. Na ɗauko rodin na nuna wa dattawan sana'a, sun gani, amma suka ce in yi haƙuri domin suna ya fi kuɗi. Na sayi murfi na hannu da kuɗina, na ɗaura masa, ragowar ladana kuwa har gobe. Rodin nan yana cikin akwatin kayan aikina, ka taɓa ganinsa ka ɗauka shara ce.

Saboda haka kada ka tambayi buhu nawa kafin ka duba goshin tarakta, ka kuma cire nauyin fokilif ɗin kansa daga abin da littafinta ya ce tana ɗagawa. Libobi biyu ne a gefen kujera. Ta garma, wadda ke sauraron matsin sandar sama, ka kai ta can sama ka ƙyale ta, in ba haka ba kaya za su riƙa hawa da sauka da kansu. Da ɗayar ake aiki. Ka ɗaure sarƙoƙin gefe kada yatsu su yi lilo, ka gajarta sandar sama kaɗan domin bakinsu ya kalli sama, ka haɗe birki biyu wuri guda. A tafi da kaya kusa da ƙasa, a ƙaramar giya, kuma tudu da ribas ake hawansa, kaya na fuskantar sama.

Gobe akwai wadda za a kawo daga Techiman. Kai za ka ɗaura, ni ina kallo, kuma ba za ta fita daga garejin nan ba sai da ƙarafan gaba da cikakken kuɗi.