Amsar kawu kan naman kazan da ke fitowa a jikin itace

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma madalla da ka tambaya kafin ka kai baki. Ka ce tun da bautar ƙasa ta kai ka Kagoro kake ganin mata suna ɗebo naman kaza a jikin ruɓaɓɓen itace suna zubawa a miya, alhali mu a gida ko taɓa shi ba a barin yaro ya yi. Kana son sanin ko haramun ne ko al'ada. Ka kuma haɗa da maganar wanda ƙaninka ya ce ya fito a gindin ɗorawar gonarmu.

Ba haramun ba ne, sai dai wanda zai cutar da kai. Hanin iyayenmu kuwa yana da dalili. Daminarmu gajeruwa ce, wata uku zuwa huɗu, kuma reshe ba ya faɗuwa ya samu damar ruɓewa, kafin nan an kai shi murhu. Abin da muka fi gani shi ne laimar kwaɗi a kan juji da kashin shanu. Tunda babu mai iya bambancewa, sai suka hana gaba ɗaya, kuma ni a ganina sun yi daidai. Su Gwari da Nufawa da Tibi da mutanen kudancin Kaduna suna da kurmi da dogon ruwa, yarinya tana bin uwarta daji tun tana ƙarama, ana nuna mata na ci da hannu.

A shekarun da na yi ina aikin gandun daji, iri uku na fi ganin ana ci daga jikin itace. Akwai fari ko mai ruwan toka, mai laushi, da ke fitowa hawa-hawa a jikin kututture. Ƙafarsa gajeruwa ce, daga gefe take, kuma idan ka kifa shi za ka ga siraran layuka sun gangaro har jikin ƙafar. Akwai wani fari mai zurfi a tsakiya, da ɗan kaushi-kaushi a bayansa. Shi da ƙuruciyarsa ake ci, in ya tsufa sai ka gaji da tauna. Na ukun ruwan ƙasa ne, siffar kunne gare shi, yana danƙo a hannu. In rana ta buge shi ya ƙanƙance, in an jiƙa ya dawo yadda yake.

To amma kada ka ɗauki wannan bayani nawa ka shiga daji da kwando, balle hoton waya. Akwai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da su ma a ruɓaɓɓen itace suke fitowa, kuma dafinsu hanta yake kamawa. Za ka ji ana cewa wanda kaza ko akuya ta ci lafiya lau ne, ko in ƙwari sun huda shi ba shi da dafi, ko a sa cokalin azurfa a tukunya a ga ko zai yi baƙi. Duk zance ne. Dahuwa ma ba ta kashe wannan dafin. Mugun cikinsu ba ya nuna kansa da wuri: sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, daga nan mutum ya ji kamar ya warware, alhali hantar tana lalacewa. Wanda hakan ta samu a yi asibiti da shi nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci, a bar batun ɗura masa manja ko nono. In kana son ci, bi matan da suka saba, ka ci abin da suke ba 'ya'yansu, a dafe sosai, kuma ka fara da kaɗan.

Maganar ɗorawa ita ta fi damuna. Yadda aka siffanta maka shi, mai tauri kamar katako, ja mai sheƙi, fari a baki-baki, ƙarƙashinsa ƙananan huji maimakon layuka, wannan ba na miya ba ne. Kuma fitowarsa a gindin itace mai rai ba alheri ba ce. Abin da ido ke gani ƙarshen aiki ne. Ainihin abin wasu fararen zaruruwa ne da suka daɗe a ciki suna cin saiwa da zuciyar itacen, wataƙila shekaru. Ƙwayar irin da yake yaɗuwa da ita kamar ƙura ce da iska ke ɗauka, ta shiga ta inda itace ya ji rauni. Mu ne kuwa masu yin raunin: sassaƙen magani da ake ɓarewa har ya zagaye, saran reshe don dabbobi, da wutar da ake cinna wa karan sharar gona a gindin bishiya don ƙiwuya. Wannan na ƙarshen na sha faɗa a kansa, ba a ji.

Kada koren ganye ya ruɗe ku. Ruwa ta ƙarƙashin ɓawo yake hawa, shi ya sa itace zai ci gaba da ba da kalwa alhali cikinsa kogo ne, sai iskar farkon damina ta zo ta kwantar da shi. Ɓalle abin daga jikinsa ba ya warkar da komai, wani zai sake fitowa. Wanda ya fito a kan mataccen kututture kuwa a ƙyale shi, ruɓar da shi yake yi ya koma taki.

Ka gaya wa ƙaninka ya buga gindin da bayan gatari ta kowane gefe ya saurara. In ya ji amon kogo, a daina ɗaure shanu a nan, masu noma su canza wurin hutun rana, a kuma rage manyan rassan da suka karkata wajen hanya. Kada a sare ta tukuna sai na zo na gani da idona bayan girbin gero. Ka gaishe da mutanen gidan da kake zaune.