Amsa ga ɗan ƙanena kan kasuwar garin Pullman

Ɗana, saƙonka daga Chikago ya iso. Ka tambaye ni ko al'adar mutanen can ce a tattara kasuwa cikin gini guda, kamar wanda ka gani a unguwar Pullman, kuma ko hakan ya yi kama da tsarin kasuwanninmu na gida.

Abin da ka gani shawarar mai kamfani ce. George Pullman, wanda kamfaninsa ke ƙera taragon jirgin ƙasa masu gadajen kwana, shi ya kafa garin, wanda yanzu unguwa ce a Chikago, a 1880 domin ma'aikatansa, ya kuma ɗora wa wani mai zanen gini, Solon Beman, aikin tsara gidaje da otal da coci da kasuwa, duk a bisa fasali ɗaya. An dasa kasuwar a tsakiyar dandali, mahauta da masu kayan lambu a ƙasa, zauren taro a bene. Gobara ta cinye ta a 1892, aka sake gina ta a 1893, shekarar da Chikago ta karɓi baƙuncin babban baje kolin duniya, sannan aka kewaye dandalin da gidaje huɗu masu lanƙwasa, da jerin ginshiƙai a fuskarsu. Daga baya wuta ta sake cin benayen, shi ya sa ka tarar da bangon ƙasa kawai.

Mu ma kasuwarmu ba ta taɓa zama babu mai iko da ita ba. Tun da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigima, akwai Sarkin Pawa a kan mahauta, ga dillalai da fatomai masu saukar da baƙin fatake. Sai dai hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa ba ita ke biyan mai saye ladan aikinsa ba, ba kuma a gidanta yake kwana ba, kuma wanda ciniki bai yi masa ba yana iya jiran ranar kasuwar ƙauyen gaba.

A Pullman kuwa hannu ɗaya ne ya riƙe komai, kuma wannan shi ne abin da raina bai kwanta da shi ba, duk kyan ginin. Ɗan kasuwa hayar rumfa yake yi daga kamfani, ma'aikaci ma hayar gida yake yi daga kamfanin, domin ba a sayar wa kowa gida a garin ba. Da kasuwanci ya karye, aka rage albashi aka bar kuɗin haya yadda yake, sai ma'aikata suka shiga yajin aiki a watan Mayun 1894, yajin ya bazu har ya tsayar da jiragen ƙasa a sassa da yawa na Amurka. A 1898 Kotun Ƙoli ta jihar Illinois ta umarci kamfanin ya sayar da duk kadarorin garin da ba na masana'anta ba.